Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: maganin raunin mazakuta a hannun likitan intanet

Ƙarfe ɗaya na dare, gida ya yi tsit. Magidanci ɗan shekara hamsin da 'yan kai yana zaune a bakin gado, ya rage hasken waya don kada maiɗakinsa ta farka. Wata bakwai ke nan gabansa yana ba shi kunya. Sau biyu ya je asibiti a kan ciwon baya, maganar ta zo masa har maƙogwaro, ya dubi fuskar likita, ya haɗiye ta. Yau ya buɗe shafin wani kamfani da ya ce zai haɗa shi da likita ba tare da ya taka ko'ina ba. Tambayoyi suna ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, har aka zo kan wadda ke neman awon jininsa na baya-bayan nan. Rabonsa da awo ya fi shekara biyu. Ya tuna ana cewa 120 bisa 80 shi ne na mai lafiya, sai ya rubuta haka, ya danna ya wuce.

A wannan 'yar dannawar ne duk batun ya rataya. Likitan da zai karanta amsoshin nan ba zai ɗaura masa abin awo a dantse ba, ba zai saurari ƙirjinsa ba, ba zai ga yadda yake haki in ya hau bene ba. Abin da majiyyaci ya rubuta shi ne idon likitan, shi ne kuma hannunsa. Ina cikin masu ganin alfanun wannan hanya ta ganin likita daga nesa, musamman a kan larurar da kunya ta daɗe tana hana maza faɗa. Amma duk wanda zai bi ta, ya kamata ya san cewa wani ɓangare na aikin da likita ya saba yi ya dawo wuyansa.

Larurar ba baƙuwa ba ce. Wani bincike da aka yi a jihar Masacusets ta Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 1994, ya gano cewa kashi 52 cikin 100 na maza masu shekara 40 zuwa 70 suna da wani mataki na raunin mazakuta, daga ɗan kaɗan zuwa mai tsanani. Shekara huɗu bayan haka, a watan Maris na 1998, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da sildenafil, wanda kamfanin Pfizer ya fitar da sunan Viagra. Asalinsa maganin ciwon ƙirji na masu ciwon zuciya ake nema a ɗakin binciken kamfanin da ke Ingila. Bai yi abin a-zo-a-gani a can ba, sai mazan da aka gwada shi a kansu suka riƙa ba da labarin wani abu dabam da yake yi musu. Tadalafil da vardenafil sun biyo baya a Amurka a 2003, avanafil a 2012. Da kariyar mallakar Viagra ta ƙare a Turai a 2013, kuma wasu kamfanoni suka fara sayar da nasu sildenafil a Amurka a ƙarshen 2017, sai maganin ya yi sauƙi. Ba mamaki da kamfanoni irin su Hims da Roman suka ɓullo a 2017 ɗin nan da wannan sana'a ta haɗa maza da likita ta waya. Annobar korona a 2020 ta ƙarasa sabar wa mutane da ganin likita a fuskar waya.

Wannan tarihi na maganin zuciya da ya zama maganin gaba yana da muhimmanci, domin shi ne ya bayyana haɗarin. Idan sha'awa ta motsa, jijiyoyi suna sakin wani sinadari mai suna naitirik oksaid a cikin gaba. Shi kuma ya sa jiki ya samar da wani, cGMP, wanda ke sassauta tsokar bangon hanyoyin jini, su buɗe, jini ya cika gaban ya miƙe. Akwai wani sinadarin, PDE5, da aikinsa shi ne rusa cGMP ɗin. Magungunan nan huɗu duka abu ɗaya suke yi: suna riƙe hannun PDE5 na 'yan sa'o'i. Shi ya sa ba sa haifar da sha'awa, in babu ita ƙwayar ba ta da abin da za ta kama. Shi ya sa kuma aikinsu bai tsaya a gaba kaɗai ba. Hanyoyin jini na sauran jiki ma suna ɗan buɗewa, awon jini ya ɗan sauka. Ga mai lafiya wannan ba komai ba ne. Ga mai shan magungunan naitiret kuwa, yana iya zama ajali.

Naitiret su ne magungunan da ake ba masu ciwon ƙirji saboda cushewar jijiyoyin zuciya: 'yar ƙwayar naitirogilisarin da ake sawa a ƙarƙashin harshe, ko wadda ake fesawa a baki, ko wadda ake mannawa a fata, da kuma isosorbide da ake sha kullum. Su suna ƙara naitirik oksaid, ƙwayar gaba kuma tana hana a rusa abin da ya haifar. An buɗe famfo ke nan an toshe magudana. Awon jini yana iya faɗuwa warwas cikin ƙanƙanen lokaci, a zuciyar da daman jini ba ya isar ta. Haka abin yake da riociguat, maganin hawan jinin huhu, da kuma ruwan amil naitirait da wasu ke shaƙa don ƙarin jin daɗi. A nan babu zancen rage yawa ko ba da tazara, ba a haɗa su. To amma mutum nawa ne suka san sunan kowace ƙwaya da suke sha? Da yawa sun san ta ne da launi: ƙaramar farar nan ta safe. Idan fom ya tambayi mutum ko yana shan naitiret, bai san kalmar ba, ya danna a'a, ai bai yi ƙarya ba, kuma ya ba da amsar da za ta iya kashe shi. Hanyar kauce wa wannan mai sauƙi ce. Kafin ka fara cike komai, tattaro duk kwalayen magungunan da kake sha, har da na gargajiya da na ƙarin kuzari, ka baje su a gabanka, ka ɗauki hoto, ka tura wa likitan ko ka kwafe sunayen harafi da harafi.

Akwai wasu magungunan da ba a haramta haɗawa da su ba amma suna canza lissafi. Masu fama da kumburin furostet, wanda ke sa fitsari ya riƙa fita da ƙyar, sukan sha tamsulosin ko doxazosin, kuma waɗannan ma suna saukar da awon jini, don haka likita yakan fara da mafi ƙanƙantar ƙwaya. Ritonavir, da ke cikin wasu magungunan ƙanjamau, yana hana hanta narkar da sildenafil har ya taru a jini ninkin-ba-ninkin, shi ya sa mai shan sa ba ya wuce miligiram 25 a cikin awa 48. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su ketoconazole da clarithromycin da erythromycin ma suna yin irin wannan, ko da bai kai haka ba, har ruwan garehul yana taɓawa. Mai sikila, da mai sankarar jini, suna cikin haɗarin miƙewar da ba ta kwanciya. Wanda ya yi bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki a 'yan watannin nan, ko awon jininsa ya yi ƙasa da 90 bisa 50, ko ya yi sama sosai ba a shawo kansa ba, wannan ba majiyyacin waya ba ne, sai an gan shi ido da ido. Dalilin ya wuce ƙwayar kanta. Saduwa aiki ce ga zuciya, kusan kamar tafiya da sauri ko hawa bene hawa biyu. In waɗannan suna sa ka ciwon ƙirji ko numfashi ya riƙa yankewa, tambayar farko ita ce ko zuciyarka za ta ɗauki saduwar ma.

Ga abin da ya fi damuna a wannan harka, kuma shi ne tallace-tallace ba sa faɗa. Ruwa ba ya tsami banza. Jijiyoyin da ke kai jini gaba sirara ne, faɗinsu milimita 1 zuwa 2, na zuciya kuwa 3 zuwa 4. Idan kitse ya fara taruwa a bangon jijiyoyi, ko suga da hawan jini da hayaƙin taba sun fara lalata shi, siraran ne ke fara nuna alama. Saboda haka a jikin maza da yawa, raunin gaba yana riga ciwon zuciya bayyana da shekara biyu zuwa biyar. Wasu ma a kan wannan ƙorafi ake fara gano suna da ciwon suga. Ɗan aike ne jiki ya turo da gargaɗi. A asibiti, likitan kirki zai karɓi saƙon, ya auna jini, ya sa a gwada suga da kitsen jini, in akwai raguwar sha'awa da kasala ya sa a auna sinadarin namiji na testosteron da safe. A intanet kuwa abu ne mai sauƙi a ba ɗan aiken nan ƙwaya ya yi shiru. Gaba ya dawo aiki, hankali ya kwanta, jijiyoyin zuciya suna can suna ci gaba da cushewa. Wannan ne ma'aunin da nake auna kowane kamfani da shi. Wanda ya nace sai ka kawo awon jini na gaske, ya tambayi rabonka da gwajin suga, ya ce ka je ka yi, ya kuma nemi ganin sakamakon, yana aikin likita. Wanda ya karɓi kuɗi ya turo ƙwaya bai tambayi komai daga cikin waɗannan ba, kanti ne da ya rataya farar riga a ƙofa.

Ganawar iri biyu ce. Akwai wadda za ka ga likita kai tsaye ta bidiyo ko ku yi magana ta waya. Akwai kuma wadda za ka cike fom, wani lokaci har da tambayoyi biyar ɗin nan da likitoci ke auna tsananin larurar da su, ka tura hoton katin shaida, likita ya duba daga baya ya amsa a rubuce. Ta biyun ta fi yawa domin ta fi araha ga kamfani, ta kuma fi daɗi ga mai jin kunya. Ga namiji mai ƙoshin lafiya da ba ya shan wani magani, tana iya wadatarwa. Ga mai suga, ko hawan jini, ko wanda ya haura sittin, ni dai shawarata ya nemi bidiyo. Fom ba ya iya cewa, tsaya, me kake nufi da ƙirjinka yana ɗan yi maka nauyi? Mutum ne yake jin inda murya ta yi rawa ya sake tambaya.

Dokokin sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka sai da takardar likita, kuma a ƙa'ida likitan ya kasance yana da lasisi a jihar da majiyyaci yake. A Birtaniya tun 2018 ana sayar da sildenafil mai miligiram 50 a kantin magani ba tare da takardar likita ba, amma sai mai harhaɗa magani ya yi wa mutum tambayoyi a kan zuciyarsa da magungunansa, yana kuma da ikon hanawa. Ko'ina ne dai, alamomin wurin kirki ba sa canzawa: za ka san sunan likitan da ya duba ka, za ka iya bincika rajistarsa a hukumar ƙasar, kantin da ke aiko da maganin yana da lasisi da adireshi na zahiri, akwai hanyar da za ka sake tuntuɓa in wani abu ya faru, kuma akwai yiwuwar a ce maka a'a. Wannan na ƙarshen ya fi sauran nauyi. Shafin da kowa ya nema sai ya samu, ba duba kowa yake yi ba. Sai kuma ƙananan abubuwa da ake mantawa: yawancinsu tsarin cirar kuɗi ne wata-wata, ko ka sha ko ba ka sha ba, don haka a duba yadda ake sokewa, a kuma karanta abin da suka ce za su yi da bayananka, tun da sirrin da ka kasa faɗa wa likitanka ne ka rubuta musu. Wasu kamfanonin a Amurka suna tallar ƙwayoyin taunawa da aka harhaɗa musamman, wani lokaci sildenafil da tadalafil a ƙwaya ɗaya. Sinadaran sanannu ne, amma irin wannan haɗin bai bi ta tantancewar da hukuma ke yi wa maganin da ta amince da shi ba, kuma ya kamata a gaya wa mai saye haka a fili.

A can gefe kuma ga kasuwar jabu, wadda a fuskar waya ba ta da bambanci da ta gaske. Magungunan ƙarfin maza suna cikin waɗanda aka fi yi wa jabu a duniya, kuma tun 2008 rundunar 'yan sandan ƙasa da ƙasa take gudanar da samame mai suna Pangea a kan masu sayar da magani ta intanet ba bisa ƙa'ida ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane goma na magunguna a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi jabu ne ko maras inganci. Abin da ya faru a Singafo a 2008 ya ishe mu misali. Cikin wata biyar aka kwantar da mutum 150 a asibitoci, suga ya faɗi ƙasa a jininsu alhali ba su da ciwon suga. Da aka bi diddigi, sai aka tarar da maganin ciwon suga mai suna glibenclamide a cikin jabun Cialis, wato tadalafil, da wasu magungunan ƙarfin maza da ake cewa na tsirrai ne. Mutum huɗu suka mutu. Araha ba ta ado. Kuma waɗanda ake tallatawa da sunan haɗin itatuwa zalla, ko zuma, ko gahawa ta musamman, hukumar magunguna ta Amurka ta sha fitar da gargaɗi bayan ta gano sildenafil ko tadalafil a ɓoye cikinsu. Ka ga mai shan naitiret da likita ya hana shi ƙwaya, ya koma ga na tsirrai yana ganin ya tsira, ashe ita ɗin ya sha, ba tare da ya san ko miligiram nawa ba ne.

In maganin gaske ya zo hannu, sauran aikin sanin yadda ake sha ne, kuma da yawan waɗanda ke cewa bai yi musu aiki ba a nan suka kuskure. Sildenafil yana zuwa a miligiram 25, 50 da 100, galibi a fara da 50, dattijai da masu ciwon hanta ko ƙoda su fara da 25. Ana sha kamar awa ɗaya kafin buƙata, aikinsa ya kai awa huɗu. Abinci mai maiƙo yana jinkirta shi, saboda haka wanda ya cika ciki ya sha, ya jira minti ashirin bai ga komai ba, ba ƙwayar ce ta gaza ba. Tadalafil bai damu da abinci ba, yana kuma kai wa awa 36 a jiki. Ana shan 10 ko 20 lokacin buƙata, ko 2.5 zuwa 5 kullum ga wanda ba ya son lissafin agogo. Ko wanne ne, sau ɗaya a rana, ba a haɗa biyu, ba a kuma ƙara yawa sai da sanin likita. Giya mai yawa tana ƙara saukar da awon jini, tana kuma kashe abin da ake nema. Likitoci sukan ce a gwada sau shida zuwa takwas yadda ya kamata kafin a yanke hukuncin cewa bai yi ba, domin daren farko fargaba ce take cin rabinsa.

Ciwon kai, jan fuska da jin zafi, toshewar hanci, ƙwannafi, waɗannan sananne ne kuma suna wucewa. Sildenafil yakan sa wasu su ga abubuwa da ɗan shuɗi-shuɗi, tadalafil yakan kawo ciwon baya da na tsoka. Amma akwai uku da ba a tura wa kamfani saƙo a kansu a zauna jiran amsa. Miƙewar da ta wuce awa huɗu ba ta kwanta ba, domin jinin da ya maƙale yana kashe naman wurin, jinkiri kuma yana iya jawo raunin dindindin. Ɗaukewar gani farat ɗaya a ido ɗaya ko biyu, ko ɗaukewar ji. Ba kasafai suke faruwa ba, amma kada garin neman gira a rasa ido, a daina sha a tafi asibiti. Na uku ciwon ƙirji lokacin saduwa ko bayanta.

Ba kowane rauni ne ƙwaya ke warwarewa ba. Saurayin da gabansa ke miƙewa da asuba lafiya lau amma ya kwanta in an zo fagen fama, jijiyoyinsa ƙalau suke, fargaba ce ko damuwa ko wani abu tsakaninsa da matarsa, kuma zama da masanin halayyar ɗan'adam, wanda shi ma ana iya yi ta waya, ya fi masa amfanin dogon lokaci. Wani kuma maganin da yake sha ne sila: wasu na hawan jini, wasu na ciwon damuwa, finasteride na furostet da sanƙo, da masu kashe raɗaɗi irin su tramadol. Kada ya daina da kansa, ya koma wa wanda ya rubuta masa a duba ko za a canza. Barin taba, rage ƙiba da motsa jiki suna gyara jijiyoyin da kansu, abin da ƙwaya ba ta yi. Masu suga da ya daɗe da waɗanda aka yi wa tiyatar furostet ba su cika jin maganin kamar sauran ba. Gare su akwai allurar alprostadil, akwai na'urar zuƙo jini, akwai dashen na'ura a cikin gaba, kuma duk waɗannan sai a gaban likitan mafitsara.

Bari in koma kan ciwon ƙirjin nan, domin a nan ne sirrin da intanet ya taimaka aka riƙe yake juyowa ya ciji mai shi. Idan aka kai mutum ɗakin gaggawa yana dafe da ƙirji, cikin abubuwan farko da ake miƙa hannu a ɗauko akwai naitirogilisarin. Ba a ba da shi sai awa 24 ta wuce bayan sildenafil ko vardenafil, awa 48 bayan tadalafil. Ma'aikatan ba su da hanyar sanin ya sha, tun da maganin ya zo ne a kwali maras rubutu, daga likitan da ba su sani ba, kuma babu shi a katinsa na asibiti. In yana cikin hayyacinsa ya faɗa da bakinsa, ko ba a tambaye shi ba. In kuwa ba ya iya magana, wadda ke tsaye a kansa ita za a tambaya, wato wadda ya rage hasken waya don kada ta farka. Saboda haka magidancin nan na bakin gado, bayan ya je an auna jininsa ya koma ya gyara 120 bisa 80 ɗin da ya ƙirƙira, akwai mutum biyu da ya kamata su ji daga bakinsa: likitan da ya saba duba shi, don a rubuta maganin a katinsa, da maiɗakinsa, ta san sunan ƙwayar, da miligiram nawa ce, da ƙarfe nawa ya sha ta a daren.